Mona Lisa da layinta: ta kai a ɓata mata yini guda?

Baban Amira: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wurin aiki za su tura mu taro a Faris wata mai kamawa, kuma a jadawalin akwai yini guda da ba mu da komai. Abokan tafiyata sun ce su gidan tarihi na Louvre za su nufa, su ga zanen Mona Lisa. Ni kuwa sai wasi-wasi nake. Hoton nan tun muna makaranta muke ganinsa a littafi, yanzu ga shi a waya, kana iya jawo shi har ka ga tsattsagewar fenti. To me zan gani a can wanda ban gani a nan ba? Waɗanda suka taɓa zuwa, don Allah ku faɗa mini tsakani da Allah.

Ɗan Kwari: Wa alaikumus salam. Alhaji, riƙe kuɗinka. Tikitin shiga kaɗai yuro 22 aka mayar da shi a 2024, kuma a 2026 an yi ƙari a kan waɗanda ba 'yan Turai ba. Ka buga shi da naira ka gani. Ka saya wa Amira da mamanta tsaraba, ya fi maka lada.

Ɗan Damagaram: Barka da war haka, Alhaji. Ni a Faris nake zaune, kuma duk baƙon da ya sauka wurina daga gida sai ya ce in kai shi, don haka bari in zana maka yadda abin yake.

Da farko ƙarama ce. Tsawonta santimita 77, faɗinta 53, a kan allon katako aka yi ta, ba a kan ƙyalle ba. Tana cikin gilashin da harsashi ba ya hudawa, a gabanta akwai shinge, a bayan shingen kuma jama'a ne maƙil. Za ka bi layi mai lanƙwasa, in ka iso gaba kana da 'yan daƙiƙu kafin na baya su matso. Abin da ya fi ba ni tausayi, yawancin mutane da sun iso sai su juya mata baya su ɗaga waya, don su fito tare da ita a hoto. Sun biya kuɗi, sun sha layi, amma idonsu bai sauka a kanta ba. Mutum kusan miliyan 8.7 ne suka shiga gidan a 2024, duk da an ƙayyade dubu 30 a yini. Cunkoson ya kai Shugaba Macron na Faransa da kansa ya tsaya a gabanta a watan Janairun 2025 ya ce za a gina mata ɗaki nata ita kaɗai.

Amma ga abin da nake gaya wa kowane baƙo nawa. In ka gama da ita, ka juya. A bangon da ke fuskantarta akwai zanen bikin aure na Veronese, mutumin Italiya, wanda ya kammala a 1563. Faɗinsa ya kusa mita 10, tsayinsa ya kusa 7, shi ne mafi girma a duk gidan. Mutane sama da 100 ne a ciki, da makaɗa, da masu rabon abinci, da karnuka a ƙasa. Kana iya tsayawa gabansa iya son ranka, babu mai ture ka, don kowa ya ba shi baya.

Ɗan Kwari: To ka ji. Wanda yake zaune a garin ma ya ce 'yan daƙiƙu ne. Magana ta ƙare.

Ɗan Damagaram: A'a Alhaji, ban ce kada ya je ba. Na ce kada ya je dominta kaɗai.

Hajiya Malama: Ɗana Baban Amira, ka je. Ni tarihi na koyar a sakandare har na yi ritaya, kuma shekara da shekaru ina rubuta wa yara a allo cewa Hammurabi, sarkin Babila, ya sa an rubuta dokoki 282 a jikin dutse kusan shekara 1,750 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Ina faɗa, suna kwafa, suna cin jarrabawa. Da Allah ya kai ni Louvre na tarar da dutsen tsaye a tsakiyar ɗaki. Baƙi ne wuluk, ya fi mita 2, sai na ɗaga kai nake ganin samansa. Na matsa kusa na ga rubutun, ƙanana ƙanana, layi bisa layi, gaba da baya, babu inda aka bari fili, kuma kowane ɗigo da ƙarfe aka sassaƙa shi a dutse mai taurin gaske. Nan take na tuna da mutumin da ya zauna ya yi wannan aiki, wanda ba a ko rubuta sunansa ba. A duk shekarun da na yi ina koyarwa bai taɓa faɗo mini a rai ba. Da na ga dutsen nan tun ina aji, da ba haka zan koyar da darasin ba.

Mona Lisa na gan ta, ban ji komai ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma gani ya kori ji.

Mai Buroshi: Hajiya ta taɓo wurin. Ni zane na karanta a Zariya, kuma shi nake ci da shi, don haka ku yi mini haƙuri in ɗan tsawaita.

Abu uku waya take kashewa a zane: girma, da kaurin fenti, da yadda haske ke faɗa masa in ka motsa. A fuskar waya, zanen da ya kai bangon masallaci da wanda bai wuce tafin hannu ba duk tsawonsu ɗaya. Sannan duk sun zama sumul. Ku ɗauki babbar riga mai aikin hannu, aska takwas. A hoto za ka ga fasalin aikin, amma sai ka riƙe ta za ka ga zaren ya tashi, ka ga inda maɗinki ya danne da inda ya sassauta, ka ga tana sauya launi in mai ita ya juya a rana. Haka zanen fenti yake.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Leonardo da Vinci ya yi Mona Lisa ne da fenti siriri ƙwarai, shafi bisa shafi, har ba ka ganin sawun buroshi. Ga ta ƙarama, ga gilashi, ga nisa. Wato cikin abubuwa ukun nan babu wanda za ka samu a gabanta, ita ce zanen da waya ta fi yi wa adalci. Wanda ya fi kowanne suna shi ne wanda zuwa wurinsa ya fi ƙarancin amfani. Shi ya sa mutane ke dawowa suna cewa duk harkar yaudara ce, alhali abu guda suka gwada.

Yaya, in kana son ka san ko zuwa da kai yana da amfani, ka tsallaka kogin Seine ka shiga gidan tarihi na Orsay, ka tsaya gaban aikin Van Gogh. Shi fenti yake labtawa da kauri, har yana yin tudu da kwari, kana ganin inda gashin buroshi ya ja layi, kana ganin inda ya yi sauri. Ka matsa gefe kaɗan, sai tudun fentin ya yi inuwa. Ko ka je Orangerie, inda aka jera zanen furannin bado na Monet, guda 8 a ɗaki biyu masu siffar ƙwai. Tsayinsu kamar mita 2, in aka haɗa tsawonsu ya kai mita 91, sun zagaye ka ta ko'ina. Wannan ba ya shiga waya ko ta nawa ce.

Injiniya: Ƙanena Mai Buroshi, ban yarda da kai duka ba. A 2022 gidan tarihi na Rijksmuseum da ke Amsterdam ya saki hoton babban zanen Rembrandt na masu gadin dare, wanda ya yi a 1642, da kaifin da ya kai gigapiksel 717, wato ɗigon hoto biliyan 717. Kyauta yake a intanet. Kana iya jawo idon mutum guda a ciki har ka ga ƙwayoyin fenti. Wanda ya sayi tikiti ya tsaya a bayan shinge ba zai taɓa ganin haka ba. To wa ya fi gani, ni da nake Kaduna ko shi?

Mai Buroshi: Yaya, kai ka fi shi ganin ƙwayar fenti, shi ya fi ka ganin zanen. Rembrandt bai yi shi don a leƙa shi da madubin likita ba. Ya yi mutanen ciki kusan tsawon mutum, don in ka shigo ɗaki ka ji kamar za su fito su same ka. Amma na yarda da kai a abu guda, ɗalibin zane da ba shi da halin tafiya yau ya fi na shekara 30 baya gata nesa ba kusa ba. Mu da hotuna baƙi da fari muka yi karatu, a littattafan da suka sha hannu.

Injiniya: To ai shi ne. Mutum nawa ne a zauren nan za su taɓa samun biza? Kada mu sa wanda bai je ba ya ji kamar bai san komai ba.

Baban Amira: Wannan gaskiya ne. Amma wata tambaya: in har ba ta fi sauran ba, me ya sa duniya ta taru a kanta?

Ɗan Damagaram: Sata ce ta ɗaga ta, Alhaji. Masana zane sun daɗe suna girmama ta, amma mutumin titi bai san da ita ba sai ranar 21 ga Agustan 1911, da wani ɗan Italiya, Vincenzo Peruggia, wanda ya taɓa yin aiki a gidan, ya sauke ta daga bango ya fice da ita. Jaridun duniya suka yi ta buga hotonta. Mutane har layi suka riƙa yi don su ga gurbin da ta bari a bango. Ya ɓoye ta a ɗakinsa a Faris sama da shekara biyu, sai a Disambar 1913 aka kama shi a Florence yana neman sayarwa. Daga baya aka kai ta Amurka a 1963, aka kai ta Japan a 1974, suna ya ƙara bunƙasa. Yanzu kuma duk mai neman duniya ta ji kukansa wurinta yake nufa: a 2022 wani ya shafa wa gilashin kek, a 2024 wasu suka watsa masa miya.

Mai Buroshi: Kada dai a ɗauka aikin banza ne. Yadda ya haɗa haske da inuwa a gefen baki da ido, babu layi ko ɗaya, a zamaninsa abin mamaki ne, masu zane da yawa daga nan suka koya. Sunan ne ya fi ƙarfin allon.

Malam Na Zaure: Assalamu alaikum. Na karanta duka, kuma akwai abin da ba wanda ya ambata. Maganar surar abu mai rai malamai sun yi bayani a kanta, akwai mai tsanantawa, akwai mai rarrabewa tsakanin wanda ake bauta wa da wanda aka ajiye don ilimi. Ba zan yanke hukunci a nan ba, kowa ya tambayi malaminsa. Amma nasiha ce a gaya wa mai tafiya cewa a irin waɗannan gidaje akwai zane da mutum-mutumi na tsiraici da yawa. Kada ya shiga da iyali bai sani ba.

Ɗan Damagaram: Allah ya gafarta Malam, haka yake, musamman ɓangaren Girkawa da Rumawa, kuma ya kamata a faɗa. Sai dai gidan babba ne, mutum na iya zaɓar hanyarsa. Tun 2012 suna da sashe guda na fasahar Musulunci, daga Andalus har Indiya: tagulla mai aikin azurfa, darduma, tangaran, ƙofofin katako, rubutun zayyana. Baƙina da yawa a nan suke daɗewa.

Ɗalibin Alƙahira: Malam, ni ma in sa baki. Kamar mun taƙaita maganar ga zanen Turawa, alhali tambayar ta fi haka faɗi. Kafin in zo karatu Masar na sha ganin hoton masallacin Sultan Hasan, wanda aka fara ginawa a 1356. Ranar da na shiga, sai da na bi wani lungu mai duhu mai lanƙwasa, kwatsam na ɓullo tsakar gida, haske ya dake ni, ga bakuna huɗu sun tashi sama, mutane a ƙarƙashinsu sun zama 'yan mitsi-mitsi. Maginin da gangan ya sa ka bi duhun kafin ka fito. Hoto yana nuna maka tsakar gidan, ba ya bi da kai ta lungun.

Fuskar zinariyar Fir'auna Tutankhamun kuma, mai nauyin kilo 10, ita ma cunkoso ake yi a kanta, amma ni ta fi mini hotonta nesa.

Ɗan Kwari: To in irin wannan ne, ni ma na gani. Ina zuwa Istanbul sarin kaya, na shiga Aya Sofiya na yi salla. Faya-fayan nan masu sunan Allah da na Manzo, sallallahu alaihi wa sallam, da na Halifofi, a hoto na ɗauka kamar faifan rufe kwano ne. Ashe kowanne faɗinsa mita 7 da rabi. Na daɗe a tsaye ina kallo. Amma ku lura, kasuwa ce ta kai ni, ban sayi tikitin jirgi don su ba. Har yanzu ina kan bakana: mutum ya ɗauki kuɗi takanas ya tafi kallon zane, ga 'yan'uwa na neman na makaranta, ban ga dalili ba.

Hajiya Malama: Alhaji, ai babu wanda ya ce a ci bashi. Shi wannan an riga an biya masa jirgi da masauki. Tambayar ita ce ya kwana a otal ko ya fita ya buɗe ido.

Maman Biyu: Ku gafarce ni, ni wani abu ne ke ci mini rai tun da aka fara. Ni 'yar ƙasar Jaba ce, garinmu ba shi da nisa da Nok. Ɗan Damagaram, gaskiya ne akwai kayan Nok a Faris?

Ɗan Damagaram: Gaskiya ne, 'yar'uwa. A shekarar 2000, da aka buɗe wani sashe a Louvre na fasahar Afirka da Asiya da sauran nahiyoyi, an baje mutum-mutumin Nok guda biyu da wani na yankin Sakkwato, waɗanda Faransa ta saya a hannun wani dillali a Beljiyam. Aka yi ta ce-ce-ku-ce, don dokar Najeriya ta hana fitar da su. A 2002 aka daidaita: Faransa ta amince mallakar Najeriya ne, Najeriya ta bar mata su aro na shekara 25. Suna ƙarƙashin kulawar gidan tarihi na Quai Branly, kusa da hasumiyar Eiffel.

Maman Biyu: To kun ji. A ƙasarmu aka tono su. Masu haƙar kuza ne suka fara cin karo da su tun 1928, kuma sun haura shekara 2,000. Wanda ya taɓa ganinsu kusa ya san abin da nake nufi: idon nan mai kusurwa uku da huda a tsakiya, da gyaran gashi iri-iri, da tsakiyoyi a wuya da hannu, duk da yumɓu. Yanzu in ɗana yana son ya ga waɗancan, sai ya biya yuro 90 kuɗin biza, wanda ba a mayarwa in an hana shi, ya sayi tikitin jirgi, ya sake biya a ƙofa. Ana tambaya ko gani da ido yana da amfani. In ba shi da amfani, me ya sa suka riƙe na ainihin suka bar mu da hoto?

Injiniya: Wannan tambaya ta fi ƙarfina, Maman Biyu. Haka kayan tagullar masarautar Benin da sojojin Ingila suka kwashe a 1897, kusan 900 na gidan tarihin Birtaniya a Landan. Jamus dai ta sa hannu a 2022 ta mayar da mallakar sama da 1,000, Holan ta dawo da 119 a 2025. Ko zanen bikin auren da Ɗan Damagaram ya yaba, ai sojojin Napoleon ne suka ciro shi daga Venice a 1797. Su ma 'yan Italiya kwafi aka kafa musu a gurbinsa.

Hajiya Malama: Ina tare da ke, 'yata. Amma bari in tambayi zauren nan, kuma ba don in kunyata kowa ba. Mu nawa muka taɓa shiga gidan tarihi na Jos, wanda yake nan tun 1952, da kayan Nok a ciki? Kanawa nawa suka shiga Gidan Makama? Jirgin ruwan Dufuna da aka tono a Yobe a 1987, mai shekara kusan 8,000, wa ya je Damaturu don shi? Tukwanen Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan naira 20, wa ya taɓa tsayawa gaban ɗaya ya ga zanen kadangaru da kifi da ta yi a jiki?

Ɗan Kwari: Hajiya, na taɓa kai yarana wani gidan tarihi a nan Arewa. Babu wuta, da fitilar waya muka riƙa haskawa, rabin kayan babu takardar bayani. Yaran suka ce mu tafi. Laifinmu ne?

Hajiya Malama: Ba laifinka ba ne, kuma abin da ciwo. Amma wurin da ba a zuwa, wa zai yi masa kuka a gyara?

Mai Buroshi: Ni wanda ya fi damuna tsohon Masallacin Juma'a na Zariya ne, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, zamanin Sarki Abdulkarimu, wajen shekarun 1830. Masana gine-gine daga ƙasashen waje sun yi rubuce-rubuce a kansa. Da ƙasa da azara ya tayar da bakan gizo, ya ɗaure rufin daurin guga, ya yi wa ginshiƙai zane mai tudu. Yanzu sabon gini ya lulluɓe shi, ta waje ba za ka san akwai wani abu ba, sai ka shiga ka ɗaga kai. Na yi shekaru a garin kafin wani malaminmu ya tasa mu gaba ya kai mu. Duk abin da na faɗa a kan girma da kauri da haske, yana nan a wurin, kuma kuɗin mota ne kawai.

Ɗan Damagaram: Mu ma a Nijar ga raƙuman dawan Dabous a arewa da Agadas, an sassaƙa su a dutse dubban shekaru da suka wuce, babban ya haura mita 5. Matsalar tsaro ta sa zuwa ya yi wuya yanzu.

Alhaji Baban Amira, kafin in manta: Louvre ba ya buɗewa ran Talata, Orsay da Quai Branly kuma ran Litinin. Ka sayi tikiti ta intanet tun kana gida, ka zaɓi sa'ar farko ta safe, ka sa takalmi mai daɗin tafiya. Kada ka ce sai ka ga komai, ba ya yiwuwa. Zaɓi abu huɗu ko biyar ka ba su lokaci.

Baban Amira: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Yinin namu Alhamis ne, don haka duk a buɗe suke.

Maman Biyu: Alhaji, in ka samu sarari ka leƙa Quai Branly ka tambayi na Nok ɗin, ka ɗauko mana har da takardar bayanin da ke jikinsu, ina son in ga ko sun rubuta cewa mallakar Najeriya ne. Sannan Injiniya, lissafa mini: 2002 a ƙara 25, ai 2027 ke nan. Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ce ya kamata ta gaya mana ko za a sabunta aron ko za a dawo da su. Akwai wanda ya san ta inda ake rubuta mata takarda? In da masu sa hannu, ni zan rubuta.